Yogot mai hawa-hawa da kayan marmari, ba wuta ba tanda

Wannan abin ba ya neman gawayi, ba ya neman gas, balle tanda. Jeri ne kawai: yogot mai zaƙi, yankakkun kayan marmari, da wani abu mai ƙurus-ƙurus a baki, ki bi su hawa-hawa a cikin kofin gilashi har ya cika. In kayan na kusa, minti 15 zuwa 20 ya ishe ki cika ƙananan kofuna 6. A Nima, unguwar da nake a Accra, baƙi ba sa aiko da sanarwa, kuma bayan an ci tuwon zafi ko shinkafa da wake mai shito, soyayyen yajin nan namu, baki yana son wani abu mai sanyi. Lemon kwalba ya gundure ni, sobolo, wato zoɓo, kuma kowane gida akwai shi. Shi ya sa wannan ya zama abin fitar da ni kunya.

Sai dai sauƙinsa yana ruɗin mutane. Na sha gani an kawo shi wajen suna ko biki, an kashe kuɗi an sayo inabi da tuffa daga manyan kantuna, amma ruwa ya kwanta a gindin kofi, biskit ya koma kunu, hawan duk ya cakuɗe. Laifin duk na ruwa ne. Yogot na da ruwa, kayan marmari na da ruwa, sukari kuma aikinsa ke nan ya jawo ruwan waje. Kusan duk dabarar da zan faɗa miki ta hana ruwan nan yawo ce.

Mu fara da yogot ɗin, don shi ne ginshiƙi. Yawancin wanda ake sayarwa cikin gora a shagunan unguwa na sha ne, tsararo, in kin karkata gorar sai ya kwararo. Wannan ba zai ɗauki nauyin mangwaro ba, nan take yankan zai nutse. FanYogo da yaran Fan Milk ke yawo da shi a keke suna matsa ƙaho, wanda kamfaninsu ke nan Accra tun shekarun 1960, daɗinsa a daskare yake, in ya narke ya zama ruwa. Ki bar wa yara shi su tsotsa. Wanda kike nema shi ne mai kauri marar sukari, irin wanda in kin ɗebo da cokali kika juya shi ƙasa sai ya yi jinkiri kafin ya faɗo.

In ba ki samu mai kaurin ba, hanya biyu ce. Ta farko, wadda na fi so, ita ce tata. Ki ɗauki kyallen da kike tace koko da shi, ko wani farin kyalle mai tsabta da ba ya ƙanshin sabulu, ki shimfiɗa a kan rariya, ki ɗora rariyar a kan roba, ki juye yogot lita 1, ki sa a firji. Bayan awa 1 zuwa 2 za ki ga wani ruwa mai ɗorawa-ɗorawa ya taru a ƙasa, abin da ya rage a kyallen kuma ya yi kauri, ya ragu da wajen kashi ɗaya cikin uku. Ruwan nan kada ki zubar, yana gyara kwaɓin fanke ko ƙullun masa. Hanya ta biyu ta mai sauri ce, ranar da baƙi sun riga sun zauna: ki zuba madarar gari cokali babba 3 ko 4 a kan rabin lita na yogot, ki buga sosai har gudajin ya mutu, ki bar shi minti 10. Garin zai shanye ruwan. Kaurinsa bai kai na tatacce ba, amma yana tsayawa.

Ni dai galibi da kaina nake yin yogot ɗin tun daren jiya, don ya fi arha nesa ba kusa ba. Madarar gari kofi 1, ruwa kofi 3. Ki tafasa ruwan, ki bar shi ya huce har ki iya sa tsabtataccen yatsa a ciki ki ƙirga goma bai ƙona ki ba, wato wajen digiri 43 ga mai ma'auni. Ki dama madarar a ciki, ki sa cokali babba 2 na yogot marar sukari, ki rufe, ki naɗe da tawul, ki ajiye inda ba za a motsa shi ba awa 6 zuwa 8. Zafin Accra shi ke yi miki sauran aikin. In ruwan ya yi zafi da yawa zai kashe ƙwayoyin da ke sa madarar ta yi barci, in ya yi sanyi kuma su ƙi tashi. Mai son kindirmon Fulani ma ta samu abu mai kyau, ɗanɗanonsa ya fi na gari. Amma ki tambayi mai nonon ko an dafa madarar kafin a kwantar da ita, domin ɗanyar madara tana iya ɗauko tarin fuka da wasu cututtukan shanu, kuma wannan abin ba za a sake ɗora shi a wuta ba.

Zaƙi sai bayan an tace ake sa shi, in ba haka ba rabinsa zai bi ruwan ya fice. Madarar kondens ta gwangwani nake sawa, cokali babba 3 ga rabin lita, domin ita da kanta kauri gare ta, ba ta tsinka yogot. Kada ki ruɗe ta da madarar Ideal ta shayi, wannan ruwa-ruwa ce, za ta mayar miki da aiki baya. Zuma ma na yi, amma ban da kofin jaririn da bai cika shekara 1 ba, likitoci sun hana ba su zuma kwata-kwata. In sukari ne a hannunki, ki daka shi ya yi laushi, don a cikin abu mai sanyi ba ya saurin narkewa, sai a riƙa jin sa a haƙori. Ki ƙara ɗan gishiri, abin da yatsa biyu za su tsinto, da ɗan kankararren gyaɗar ƙamshi ko ɗigon fanila. Sannan ki ɗanɗana, ki tsaya tun zaƙin bai kai inda kike so ba. Mangwaro zai kawo nasa, ayaba za ta kawo nata, biskit ma haka. Yogot ɗin da ya yi zaƙi zau tun a roba, a kofi gundura yake yi tun cokali na huɗu, kuma ɗan tsamin nan shi ke sa mutum ya kai har gindi.

Yanzu kayan marmari, kuma a nan ne ya kamata ki ba ni kunne sosai.

Mangwaro shi ne sarki a wannan haɗin. Ki nemi manyan nan na gona, Keitt ko Kent, da ake kawowa daga wajejen Somanya da Dodowa. Ba su da zare, namansu na yankuwa gida-gida ya tsaya. Keitt yana nuna bawonsa na nan kore, don haka kada launi ya yaudare ki: ki ɗan matsa kusa da hancin, in ya ba da kai kaɗan kuma yana ƙamshi, ya yi. Sau biyu yake zuwa a shekara a nan kudu, babbar kaka wajen Mayu zuwa Yuli, ƙarama kuma lokacin hunturu. Ƙananan namu na gida masu zare sun fi su zaƙi da ƙamshi, amma ba sa yankuwa. Su sai ki matse su a rariya ki fitar da ruwan mai kauri, ki yi hawa guda siriri da shi. Launinsa a jikin gilashi, tsakanin fari da fari, shi ke sa a ce wa ya yi wannan. Manyan mangwaro 2 sun ishi kofi 6.

Ayaba ba ta sakin ruwa, shi ya sa nake sonta a ƙasa. Ƙananan nan na gida masu ɗan tsami sun fi dogayen daɗi. Aibinta ɗaya, tana baƙi da ta sha iska. Ki yanka ta a ƙarshe, ki ɗiga mata lemun tsami kaɗan ki juya, kuma ki binne ta a cikin yogot, kada ki bar ta a sama.

Abarba da gwanda su ne masu yaudara. Kowa na son abarbar nan mai farin ciki da ake kasawa a bakin hanyar Cape Coast, wajejen Mankessim, wadda zaƙinta ba ya kankare harshe. Amma ɗanyar abarba tana da wani sinadari mai narkar da furotin, shi ne ma ya sa ake tausasa nama da ita, kuma shi ke sa harshe ƙaiƙayi in an sha da yawa. Gwanda ma na da irin nata, shi ya sa iyayenmu ke naɗe nama mai tauri a ganyenta. Madara kuwa furotin ce. In suka zauna tare, sinadarin zai fara cin yogot ɗin, ya tsinka shi, ya kuma sa shi ɗaci. Ba nan take ba, shi ne abin haushin: kin ɗanɗana da rana lafiya lau, an fito da shi da dare ya canza hali, har a zargi mai yogot. Saboda haka in za a ci cikin minti 30, ki sa ɗanyarta ba komai, amma a sama. In zai jira, ki zuba yankakkiyar abarbar a tukunya da sukari cokali 1, ta tafasa minti 5, ki sauke ta huce sarai. Zafi na kashe sinadarin. Na san na ce ba wuta, to a yi haƙuri da wannan 'yar tafasar, kuma ta gwangwani ta riga ta sha zafinta, tsane ta kawai za ki yi. Gwanda kuwa dafuwa ba ta yi mata kyau, ni a sama nake ɗora ta lokacin miƙawa ko in bar ta gaba ɗaya. Kiwi na kanti ma halinsu ɗaya.

Kankana ba ta shiga tsakiya. Fiye da kashi 90 cikin 100 nata ruwa ne, kuma da ta ji sukari za ta sake shi. Lemun zaƙi sai an ɓare kowane ɓari an cire fatar da 'ya'yan, aikin ya fi ladan yawa. Agwaluma, wadda ake ce wa alasa a nan, in lokacinta ya zo da hunturu, tsokarta kaɗan a cikin yogot tana da daɗi ga mai son tsami, sai dai danƙonta ba kowa ke so ba. Kala biyu sun isa, uku iyaka. Kofin da aka tara masa kala shida ba a jin ɗanɗanon ko ɗaya.

Ki wanke komai da ruwa mai tsabta tun kafin wuƙa ta taɓa shi, har da masu bawo, don wuƙar ce ke jan dattin bawo zuwa ciki. Kuma ba a kan katakon da aka yanka albasa ko kifi ba, yogot yana kwasar wari. Yankan ya zama ƙanana, wanda biyu ko uku za su hau cokalin shayi. Bayan kin yanka, ki zuba a rariya minti 5 ya tsane. Kada ki barbaɗa masa sukari.

Sai mai ƙurus-ƙurus. Mafi sauƙi shi ne biskit, Digestive ko kowane marar kirim a tsakiya, guda 8 zuwa 10. Ki sa a leda ki murje da kwalba, amma kada ya zama gari, ki bar shi da tsakuwa-tsakuwa. In kina son ya daɗe bai jiƙe ba, ki juya shi da narkakken bota cokali 1, maiƙon yana tare ruwa. Soyayyiyar gyaɗa cikin tafin hannu, a murje a fece bawon a ɗan farfasa, tana ɗaga shi sosai, haka kankararriyar kwakwa. Ki dai tambaya ko akwai wanda gyaɗa ba ta karɓe shi ba, ƙananan yara kuma a daka musu ita da laushi don kada ta shaƙe su. Wanda ya yi makarantar kwana a ƙasar nan ya san daɗin jiƙaƙƙen gari da gyaɗa da madara, kuma garin rogo mai kyau, busasshe, yana shiga nan ma. Amma shi a sama kawai, ana miƙawa ana barbaɗawa, don in ya kwana a tsakiya kumbura zai yi ya shanye komai ya daskare.

Abin da na fi alfahari da shi kuwa geron burkina ne, abin shan nan na gero da nono. Masu burkina a Nima da Mamobi suna turara geron ya zama ƙananan dunƙule, kuma in kin yi magana da mai sayarwa da daɗin baki za ta sayar miki da shi zalla, kafin ta haɗa da nono. Shi an yi shi ne don ya zauna cikin madara, ba ya narkewa, ba ya kumburin gari, taunarsa na nan ko ya kwana. Duk kofin da na san zai jira, da shi nake yi maimakon biskit. Fura ma in kin marmasa ta da yatsa tana yi, ga ɗan yajin citta da kanumfari da take kawowa. Ranar da na fara kai wa Goggona irin wannan, ta juya kofin ta duba ta kowane gefe, ta ce, "Ke 'yar nan, wannan ai burkina ce ta je makarantar boko." Na ce, "Goggo, a dai ɗanɗana tukuna." Ba ta ƙara magana ba sai da ta nemi a ƙaro mangwaro.

Jerin kansa ba wuya. Kofin ya zama busasshe, in da hali ya ɗan sha sanyin firji. Biskit ko gero cokali 1 a gindi, shi zai tsotse duk ɗan ruwan da ya sauko. Yogot cokali 2 a kai. A nan hannu yake nuna kansa: ki sauke cokalin a tsakiyar kofin, ki tura yogot ɗin a hankali zuwa gefe, kada ya goga jikin gilashin tun daga sama. In kofin dogo ne mai ƙaramin baki, ki zuba yogot ɗin a farar leda mai tsabta, ki yanke kusurwa, ki matsa. Sai ayaba. Sai yogot ya rufe ta ruf. Sai mangwaro, kuma ki fara jera shi ta jikin gilashi kafin ki cike tsakiya, don abin da ido zai gani ke nan. In da sauran wuri ki sake zagaye ɗaya. Ki ƙare da yogot, ki bar ɗan sarari a bakin kofin. Kada ki danna, kada ki girgiza kofin wai ya zauna, nauyinsa zai zaunar da shi.

In mutanen da yawa ne, babu mai lokacin kofi-kofi. Ki yi shi a babban kwano mai garai-garai, hawa uku masu kauri, kowa ya ɗiba da babban cokali har ƙasa. Da an ɗebi na farko kyan ya tafi, don haka ki kai shi gabansu tukuna su gani.

Minti 30 a firji yana haɗa kan ɗanɗanon. Ki rufe kowane kofi, ko da faranti ne, in ba haka ba zai fito yana ƙanshin miyar jiya. Gyaɗa, kwakwa, gari, da yankan da za ki yi ado da shi, duk sai lokacin miƙawa. Mai biskit ya fi daɗi cikin awa 3 ko 4, bayan nan ya yi laushi, ko da yake akwai masu son sa haka. Mai gero yana kaiwa gobe. A watan azumi bayan la'asar nake haɗawa, in sa yankakken dabino a hawan tsakiya in rage kondens, ya jira har an dawo daga tarawi, lokacin da koko da ƙosai sun faɗa. Ga mai ciwon sukari kuma kada ki sa kondens ko biskit, yogot zalla da gyaɗa da kayan marmari kaɗan, kuma kada a ce dabino ko zuma ba sukari ba ne, sukari ne.

Dole a yi maganar dumso, wato yawan ɗauke wutar lantarki, tunda wanda ya zauna a Accra a 2015 ba ya yarda da wuta ɗari bisa ɗari. Firjin da aka ɗauke wa wuta yana riƙe sanyinsa wajen awa 4 in ba a buɗe shi ba, to ki hana yara leƙe. A waje kuwa abin madara bai kamata ya wuce awa 2 ba, in zafin ya haura digiri 32, kamar ranakun Maris, awa 1 ne. Kullum ina da ledojin piya wata a daskare saboda haka. In wuta ta tafi, ko zan kai wa 'yan'uwa unguwar Madina ko Fadama a trotro, motar hayarmu, kofunan roba masu murfi nake amfani da su, in jera a kula, in cusa ƙanƙarar a tsakaninsu, in riƙe kular a cinya don kada ta karkata. Kayan sama kuma a ƙulle daban cikin leda.

Wanda ya rage ya kwana, hawan ya rushe amma bai yi tsami ko wari ba, ki juye shi a blanda ki markaɗa da ɗan madara, ki ƙulla a ƙananan ledoji ki sa a firiza. Yara in sun dawo daga makarantar allo za su shanye. Wanda aka riga aka sa wa cokali aka ci aka rage kuwa, wannan ba a mayar da shi.